Chuck Berry: Wace Waƙa Za a Fara Ji, Wacce Kuma Ta Fi Saura?

Chuck Berry ya yi shekara 90 a duniya, fiye da 60 daga ciki yana hawa dandamali da jita a rataye. Amma waƙoƙin da suka sa ake ce masa uban kiɗan rock and roll duka cikin shekara goma ya yi su, daga 1955 zuwa 1964, a kamfanin faifai na Chess da ke birnin Shikago. Ko a goman nan ma sai an ɗebe kusan biyu da ya yi a kurkuku. Waƙoƙin gajejjeru ne, da wuya ka sami wadda ta haura minti uku, don haka wanda ya zauna bayan la'asar zai iya jin manyan cikinsu kaf kafin a kira magariba. Sai dai wadda kunnenka ya fara cin karo da ita, ita za ta yanke maka hukunci a kan mutumin. In aka yi rashin sa'a ka jera uku masu kama da juna, za ka ce ai waƙa ɗaya yake ta maimaitawa, kuma ba za a ce ƙage ka yi masa ba, don akwai kiɗan da ya ɗora wa waƙa biyu, baituka kawai ya sauya.

Ni a ganina mutum biyu ne a jikin Berry. Akwai makaɗin jita, wanda duniya ta fi sani, akwai kuma mai tsara labari, wanda ya fi makaɗin gwaninta. Zaɓinka ya danganta da wanda kake nema a cikinsu, da kuma ko kunnenka yana kama Turancin Amurka in ana zuba shi da gudu. Uku ne ke takarar zama ta ɗaya: “Maybellene”, “Johnny B. Goode” da “Memphis, Tennessee”.

“Maybellene” ce farin shiga. Lokacin da ya yi ta Berry ba yaro ba ne, yana da shekara 28, da aure da 'ya'ya. Haifaffen St. Louis ne ta jihar Misuri, ɗan gidan masu rufin asiri, ya yi aiki a masana'antar haɗa motoci, ya koyi gyaran gashi, ya kuma ɗanɗana gidan horon kangararru daga 1944 zuwa 1947 saboda fashi. Da dare yakan yi kiɗa a wani kulob mai suna Cosmopolitan tare da makaɗin fiyano Johnnie Johnson, kuma a can ya gano wani abu: in ya ɗauko waƙoƙin country na Turawan karkara ya rera wa 'yan uwansa baƙaƙen fata, da farko sai su yi dariya, daga baya sai su tashi rawa. A watan Mayun 1955 ya je Shikago ya ga Muddy Waters, babban mawaƙin blues, shi kuma ya tura shi wajen Leonard Chess, mai kamfanin Chess. Berry da waƙar blues mai sanyi ya je yana taƙama, “Wee Wee Hours”. Chess ya saurara, ya ce shi waccan ta ƙauyen yake so, wadda aka gina a kan tsohuwar waƙar nan “Ida Red” da Bob Wills ya yi faifanta a 1938. Ran 21 ga Mayu aka ɗauke ta, da Johnson a kan fiyano, Willie Dixon a kan bas.

Labarinta tseren mota ne. Wani ya hango budurwarsa maciya amana a cikin Cadillac, shi kuma yana cikin tsohuwar Ford mai silinda takwas, sai ya bi su. Injinsa ya ɗauki zafi ya fara ja da baya, hadari ya haɗu, ruwa ya sauko ya sanyaya masa inji, ya sake taka wuta har mil 110 a awa, ya cim mata a kan tudu. Shi ke nan. Ta kai ta 1 a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata na mujallar Billboard, ta 5 a jerin ƙasa baki ɗaya, aka sayar da faifai sama da miliyan. Da faifan ya fito Berry ya tarar an jera sunayen mutum biyu tare da nasa a matsayin marubuta, ciki har da Alan Freed, ma'aikacin rediyon New York da ya riƙa saka ta. Ladan saka ta ke nan. Sai a 1986 haƙƙin ya dawo masa shi kaɗai, kuma mai neman dalilin da ya sa daga baya ba ya hawa dandamali sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu, to daga nan zai faro.

Ƙarfin “Maybellene” ɗanyantakarta. Jitar tana da ƙura a murya, kiɗan yana tsalle biyu-biyu ba ya numfashi. Rauninta kuma shi ne Berry bai gama zama kansa ba tukuna: salon jitar da aka san shi da shi bai nuna ba sosai, ƙafarta ɗaya tana cikin country. Mai son sanin inda abin ya faro, tasa ce. Amma ba zan ba baƙo ita a matsayin ta farko ba.

Ta farko “Johnny B. Goode” ce, ta 1958, kuma a nan ba na jayayya da jama'a. Kafin Berry ya buɗe baki jita ta riga ta gama gabatar da shi: kusan sakan ashirin na farko ita ce ke magana, yana danna igiya biyu lokaci guda yana zamewa a kansu, abin da ke ba sautin kauri kamar jita biyu ake kaɗawa. Duk yaron da ya ɗauki jitar lantarki a Amurka ko Ingila a shekarun da suka biyo baya, da wannan mabuɗin ya yi ta fama a ɗaki. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mabuɗin aro ne. Carl Hogan ya kaɗa kusan irinsa sak a waƙar Louis Jordan ta 1946, “Ain't That Just Like a Woman”, kuma Berry bai taɓa ɓoye bashin da Jordan da T-Bone Walker suke binsa ba. Abin da ya ƙara shi ne wuta da gudu. Ka kasa kunne ga abin da ke faruwa a ƙasa: jitar tana tafiya a miƙe ɗaya bayan ɗaya, gangar Fred Below da fiyano kuma suna ɗan ɗingishi irin na tsohon salo. Wannan ja-in-jar ce take sa jiki motsi. Fiyanon a wannan waƙa ma ba Johnson ne ya kaɗa ba, Lafayette Leake ne, ko da yake mutane da yawa suna ɗauka don Johnson aka yi waƙar.

Labarin na wani yaro ne a dajin Louisiana kusa da New Orleans, a bukkar katako da ƙasa, karatu bai zauna masa ba, amma yakan saka jitarsa a buhu ya je gindin bishiya a bakin layin dogo ya riƙa kaɗawa yana bin karin jirgin ƙasa. Uwarsa ta ce masa wata rana sunansa zai haska a allon gidan rawa. Berry ya faɗa da bakinsa cewa da farko yaron baƙar fata ya rubuta, ya mayar da shi ɗan ƙauye don gidajen rediyon Turawa su yarda su saka. A layin Goode na St. Louis aka haife shi, ka ga ke nan wa yake nufi.

A kasuwa ta 8 ta tsaya, ba ta kai “Maybellene” ba. Tafiyarta daga baya ce ta yi nisa. A 1977 hukumar NASA ta harba kumbon Voyager guda biyu, kowanne da faifan zinare mai ɗauke da muryoyi da kaɗe-kaɗen duniya, aka sa ta a ciki tare da Bach da Beethoven, manyan masu tsara kiɗan Turawan da, wannan Beethoven ɗin dai da Berry ya yi wa tsiya a waƙarsa ta 1956, “Roll Over Beethoven”. Wanda ya tashi da kaset ɗin reggae kuwa mai yiwuwa ya san ta bai san ya sani ba, don Peter Tosh ya sake rera ta a 1983 a faifansa Mama Africa, ya ɗauke yaron daga Louisiana ya kai shi Jamaika.

Babbar fa'idarta ga mai karatunmu ita ce ba ta buƙatar Turanci. Ko kalma ɗaya ba ka kama ba, jita da amshi sun ishe ka. Aibinta kuma labarin a shimfiɗe yake, ba kwana ba mamaki: an ce yaron zai yi suna, kowa ya san zai yi. In ka ji ta sau ɗari, jitar kake komawa ji, ba Johnny ba.

“Memphis, Tennessee” kuwa wata halitta ce daban, kuma ita nake ba kambin. Kamfanin bai ɗauke ta da daraja ba, a bayan faifan “Back in the U.S.A.” aka liƙa ta a 1959. Ba a sitidiyon Chess aka ɗauke ta ba, a St. Louis Berry ya haɗa ta da ƙaramin rikoda, shi ya kaɗa yawancin kayan. Babu fiyano, babu mabuɗin nan mai walƙiya, babu ihu. Jita ce ke ta kai-komo a hankali, muryarsa a ƙasa kamar mai magana da dare kada ya tashi mutanen gida.

Mutumin yana kan waya da ma'aikaciyar haɗa layi, a zamanin da ba ka kiran wani gari sai an haɗa ka. Roƙonta yake ta nemo masa lambar wata Marie a Memphis. Ta kira ba ya nan, ba ta bar lamba ba, kawunsa ne ya ɗauka ya rubuta saƙon a jikin bango. Yana kwatanta gidan: kudancin gari, a kan tudu, rabin mil daga gadar kogin Mississippi. Ya ce uwarta ce ba ta yarda ba, ita ta raba su, ta wargaza musu gida. Ganinsa na ƙarshe da ita tana ɗaga masa hannu, hawaye a kumatu. Duk wanda ke saurare ya gama yanke cewa budurwa ce da surukar da ta ƙi. Sai a baitin ƙarshe ya faɗi shekarun Marie: shida. 'Yarsa ce. Uwar da ta raba su matarsa ce da aure ya mutu. Nan take duk abin da ka ji a baya ya juya ya ɗauki wata ma'ana, kuma ba kalma ɗaya da ya yi maka ƙarya da ita, kai ne ka yi saurin fassara. Duk wanda ya taɓa ganin uban da saki ya raba shi da ɗiyarsa ya san wannan murya.

Waƙar ta yi wa wasu kasuwa fiye da mai ita a Amurka. Lonnie Mack ya kaɗa ta da jita zalla a 1963, Johnny Rivers ya kai ta ta 2 a 1964. Duka biyun sun ƙara mata gudu da armashi, kuma a ganina armashin ne ya kashe ta, don mutumin da ke neman 'yarsa ba ya cikin nishaɗi. Ta Berry ce ke da kaɗaicin.

Ga inda gizo ke saƙar: wanda ba ya jin Turanci, “Memphis” za ta zo masa a matsayin waƙa mai sanyi marar abin kamawa, ya wuce. Saboda haka in ɗaya tak za ka ji kuma Turancin waƙa yana ba ka wuya, ɗauki “Johnny B. Goode”, ba za ka yi asara ba. In kana kama Turanci, ko za ka iya buɗe rubutattun baitukan a waya kana bi, ji “Johnny” sau ɗaya don sanin jitar, sannan ka zauna da “Memphis”. Ita ce mai saurin fahimta ma, don a hankali yake furta kowace kalma.

Mai neman zafin baki ya nufi faifan da ya fito a kakar 1956, wanda gaba da bayansa duk zinare ne. “Too Much Monkey Business” ƙorafi ne tsagwaronsa: aikin gidan mai, dillalin da ke son ɗora maka bashi, macen da ke matsa maka aure, makaranta, wayar kan titi mai cinye kuɗi, aikin soja a Yokohama. Yana jero su da gudu, gaɓa kan gaɓa, ba wurin shaƙar iska. Bob Dylan ya amsa cewa daga nan ya samo salon “Subterranean Homesick Blues” ta 1965, kuma matashin da ya saba da rap zai yi mamakin jin irin wannan zubi shekara ashirin kafin a san rap. Ɗaya gefen, “Brown Eyed Handsome Man”, kirari ne ga namiji baƙar fata, a lokacin da faɗin haka a fili a rediyon Amurka neman fitina ne, shi ya sa ya fake da launin ido. Tsakanin biyun na fi son ta farkon, amma ita ce mafi wuyar kamawa a duk waƙoƙinsa. Kada ka fara da ita.

Waƙoƙin 'yan makaranta ba zan daɗe a kansu ba, ko da yake su suka fi kawo masa kuɗi. “School Day” da “Rock and Roll Music” na 1957, da “Sweet Little Sixteen” ta 1958 wadda ta kai ta 2, aikin ɗan kasuwa ne mai ido: magidanci ɗan shekara 30 ya duba ya ga 'ya'yan Turawa ne ke da kuɗin sayen faifai, ya rubuta musu rayuwarsu. An yi su da kyau. Ƙungiyar Beach Boys ta kwashe kiɗan “Sweet Little Sixteen” ɗungurungum ta yi “Surfin' U.S.A.” a 1963, sai da aka mayar da sunan Berry a kai. A wannan rukuni “Roll Over Beethoven” ce ta fi, don tana da raha ta gaske, asalinta ma tsokanar 'yar uwarsa ce da ta mamaye fiyanon gida da kiɗan Turawan da.

Akwai kuma dalilin da ya sa “Sweet Little Sixteen” ba ta shiga kunne yau yadda ta shiga a da. A Disambar 1959 aka kama Berry bisa laifin ɗauko yarinya 'yar shekara 14 daga wata jiha ya kawo ta aiki a kulob ɗinsa. An soke hukuncin farko saboda kalaman wariyar launin fata da alƙalin ya yi ta yi, aka sake shari'a, aka sake samunsa da laifi, ya zauna a kurkuku daga Fabrairun 1962 zuwa Oktoban 1963. Wariyar da aka nuna masa gaskiya ce, shekarun yarinyar ma gaskiya ne.

Da ya fito ya tarar samarin Ingila suna cin kasuwa da kayansa. Faifan farko na Rolling Stones a 1963 waƙarsa ce, “Come On”, Beatles kuma sun rera “Roll Over Beethoven” a wannan shekarar. Shi kuwa ya fito da waƙoƙi a aljihu, kuma a nan nake ganin masu jera gwanaye suna yi masa rowa, don rubutunsa na 1964 ya fi na 1957 nuna. “No Particular Place to Go” ce ta fi kasuwa, ta kai ta 10, amma kiɗan “School Day” ne aka sake wa baituka: saurayi ya fita yawo da budurwa a mota, bel ɗin kujerarta ya ƙi kwancewa. Abin dariya ce, ta wuce. “Nadine” ta fi ta nesa ba kusa ba. Ita ce “Maybellene” da ta girma: yana cikin bas ya hango wadda zai aura tana tafiya, ya yi ta ihu a tsaya, ya kutsa cikin jama'a, ya ga ta nufi wata Cadillac mai launin kofi, ya faɗa tasi ya ce a bi ta. Kowane baiti hoto ne. “You Never Can Tell” kuwa fiyano ne ke jan ragamarta, jita ta koma baya, labarin wasu yara biyu da suka yi aure tsofaffi suna yi musu fatan alheri, suka kama ɗaki biyu, suka tara faifai 700, suka sayi jar mota ƙirar 1953, aure ya zauna. Fim ɗin Pulp Fiction na 1994 ya sake fito da ita, kuma in taron biki ne ko tafiyar mota da iyali, ita zan saka kafin kowacce.

Wadda ta kusa ƙwace wa “Memphis” kambi a wurina ita ce “Promised Land”. A kurkuku ya rubuta ta, da littafin taswira a gabansa, a kan karin tsohuwar waƙar “Wabash Cannonball”. Wani talaka ne ya taso daga Norfolk ta jihar Virginia zai je Kalifoniya: bas ta bi da shi Raleigh da Charlotte da Atlanta, ta lalace a Birmingham ta Alabama, ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Mississippi zuwa New Orleans, daga nan Houston, sannan jirgin sama ya sauke shi a Los Angeles, ya nemi waya ya kira gida. Wanda ya saba jin mawaƙan kalangu suna jero garuruwa a waƙar direba zai gane daɗin nan take. Ƙarƙashin daɗin kuma akwai tsoro. A 1961 an lakaɗa wa masu fafutukar 'yancin baƙar fata duka a tashoshin bas na Rock Hill da Birmingham, kuma waƙar ta ambaci garuruwan biyu: ɗaya an kewaye shi ba a tsaya ba, ɗaya kuma nan mota ta mutu. Bai ce komai a kan launin fata ba, sauri kawai yake ya fita daga Kudu. Abin da ya sa na bar ta a ta biyu shi ne sai ka san taswirar Amurka da tarihinta kafin ta buɗe maka gaba ɗaya, “Memphis” kuwa uba da 'ya kawai take buƙata.

Saura batun wane ɗauka za ka saurara, don nan ake yawan faɗawa rami. A 1966 Berry ya bar Chess ya koma kamfanin Mercury, ya sake rera tsofaffin waƙoƙinsa aka fitar a 1967 da sunan Golden Hits. Sunayen waƙoƙin ɗaya ne, amma an yi su a gaggauce, babu Dixon babu Below, babu wannan ja-in-jar da ke sa jiki motsi. A YouTube da Spotify duk a cakuɗe suke, saboda haka duba ka ga an rubuta Chess da shekarar asali. Bidiyon wasanninsa na tsufa ma a yi hattara: yakan sauka gari shi kaɗai da jitarsa, a haɗa shi da makaɗan da bai taɓa gani ba, ba gwaji, wani dare a dace wani dare a sha kunya. Kalle su don tafiyar agwagwar nan tasa, yana tsugune yana ratsa dandamali da jita, amma ba don kiɗan ba. Haka “My Ding-a-Ling” ta 1972, wadda aka ɗauka a wani wasa a Coventry ta Ingila. Ita kaɗai ce waƙarsa da ta taɓa kai ta 1 a jerin Amurka baki ɗaya, waƙar batsa ce ta wasan yara, asalinta ma ta Dave Bartholomew ce. In ita aka fara miƙo maka, tsallake.

Mafi sauƙi shi ne ka nemi tarin da aka fitar a 1982 mai suna The Great Twenty-Eight, waƙa 28 na Chess a jere bisa shekarunsu, daga “Maybellene” zuwa tsakiyar shekarun 1960. Kusan duk waɗanda na ambata suna ciki, amma masu haɗa shi sun bar “You Never Can Tell” da “Promised Land” a waje. Waɗannan biyun sai ka nemo su a faifan St. Louis to Liverpool na 1964 ka ƙara da kanka.